Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na zauna gaban kwamfuta

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda Baffa ya kai buhun wake kasuwar Bajoga ya sayar, ya dawo bayan magariba ya ƙirga mini kuɗin fom ɗin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, a kan tabarma, Inna tana haska masa da tocila. Naira 5,000 ne fom ɗin a shekarar 2017, ban da kuɗin rajista da na mota. Yau labarin jarrabawar ce kanta.

Amma bari in fara gaya muku irin sanin da na yi wa kwamfuta a lokacin. Shekara uku muna darasinta a sakandaren garinmu, can wajen Nafada, kuma ban taɓa faɗuwa ba. A allo Malam yake zana ta da alli: ga fuskarta, ga madannai, ga linzami da igiyarsa. Mu kwafa, mu haddace. Akwai wani ɗaki a bayan ofishin shugaban makaranta da kwamfutoci a ciki, wasu ne suka kawo gudummawa. Ta taga muke leƙensu, an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta rufe ledar. Ban ga laifin wanda ya kulle ɗakin ba, don ko an buɗe, da me za a kunna su? Turakun wuta suna nan a tsaye, amma sai a yi wata da watanni ƙwai bai kama ba, janareta kuma sai da mai.

Yayyenmu da fensir da takarda suka yi tasu jarrabawar. A 2013 aka fara yin ta da kwamfuta, daga 2015 kuma aka ajiye takarda gaba ɗaya. Ni ban ƙi wannan canji ba, ya rage satar amsa, sakamako kuma ba ya daɗewa. Abin da yake ci mini rai shi ne, mu arba'in da wani abu ne a ajinmu, babu ko ɗaya da ya taɓa kunna kwamfuta, kuma layi ɗaya za a sa mu da yaran da suka tashi suka gan ta a falon gidansu.

Sai Allah Ya kawo mana wani ɗan bautar ƙasa daga Kudu, mai koyar da kemistiri. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ranar kasuwa yake kai ta wajen mai cajin waya, washegari bayan an tashi mu yi layi a gindin darbejiya, kowa minti uku, har batir ya mutu. Sau uku layi ya zo kaina. Shi ya gaya mana cewa a shekarar an sauƙaƙa, ba dole sai da linzami ba, madannai takwas sun isa: A, B, C, D na zaɓar amsa, N ka yi gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa aikinka, R ka fasa miƙawa. Na zana su a bayan kwalin suga, kullum dare ina dannawa. Duk inda mutumin nan yake, Allah Ya saka masa da alheri.

A shekarar ne kuma aka fara jarrabawar gwaji. Da na faɗa wa Baffa, sai ya ce, "Kai yaro, zuwa Gombe sau biyu? Buhu nawa gare ni?" Ban sake tayar da maganar ba.

A watan Mayu, ana tsananin zafi, azumi ya kusa, na hau mota zuwa Gombe na sauka gidan Kawu a Jekadafari. Taubashina shi ma jarrabawar zai yi. Wata uku yana zuwa darasi a wani wuri inda suke amsa tsofaffin tambayoyi a kwamfuta, agogo yana ƙirga musu lokaci, kuma yana da irin tambayoyin a wayarsa. Daren nan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ƙauye, zo ka gwada." Bai yi mini rowa ba, har ƙarfe ɗaya muna tare. Lissafin da ya gagare shi ni na warware masa a takarda. Amma kafin in gama neman inda zan taɓa, shi ya wuce tambaya uku yana cin gyaɗa.

Da safe, tun a ƙofa na fara gamuwa da abin da ban yi tsammani ba. Sai na'ura ta karanta zanen yatsanka kafin ka shiga. Ni kuwa rani guda na yi ina ban ruwan albasa a fadamar Gongola, fartanya ta sa tafin hannuna ya yi kanta, babban yatsa duk ya tsattsage. Sau huɗu ina ɗorawa tana ƙi. Wata ma'aikaciya ta ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka, goga shi a goshinka." Na goga, na yi bisimilla, ta karɓa. A gefe akwai wata yarinya da lalle a yatsunta tana share hawaye da mayafi. Har yau ina tuna ta.

Cikin zauren kwamfutoci ne jere, sun fi ɗari biyu, ga sanyin da jikina bai saba da shi ba. Tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Rubuta lambar rajistata kaɗai ta ci mini lokaci, domin haruffan ba a jere suke kamar yadda muka koya a firamare ba, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Ina kuma tsoron S kamar wuta, kada yatsana ya zame in miƙa aikin da ban yi ba.

Inda na fi cutuwa a Turanci ne. An kawo labarin da za a karanta a amsa tambayoyi, na karanta har ƙasan fuskar kwamfutar, sai jimla ta yanke a tsakiya. Na ɗauka kuskure ne. Tambayoyin suna magana kan abin da ban gani ba, na yi ta komawa ina sake karantawa, ina zargin kaina. Ashe sauran labarin yana ƙasa, sai an jawo shi. Na ɗaga hannu, ga mutane da yawa sun ɗaga, kafin mai kula ya iso kaina an ci minti goma. Da yatsa ɗaya ya murza wani ɗan gare a bayan linzami, sai ga sauran labarin ya hau. Wannan ba ya cikin kwalin sugana. Lokaci ya cika ina da tambayoyin fizik fiye da ashirin da ban ko buɗe ba, fizik ɗin da na fi kowa iyawa a ajinmu.

Sakamako ya fito, na ci 171 cikin 400, taubashina ya ci 228. Na taya shi murna da zuciya ɗaya, amma daren nan ban runtsa ba. Harhaɗa magunguna na nema a Jami'ar Jihar Gombe, kuma na san wannan makin ba zai kai ni ba.

Da na koma gida, a gona na iske Baffa yana sharar ƙasa, ana jiran ruwan shuka. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa. Ya jingina da manjagara ya ce, "Tambayoyin ne ba ka sani ba?"

Na ce, "Na sani, Baffa. Na'urar ce ban iya ba."

Ya yi shiru ya daɗe yana kallon gabas. Can ya ce, "Ita na'urar, nawa take?"

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na koma Gombe aikin shara a wani shagon intanet, da sharaɗin da na kafa wa mai shagon a maimakon albashi.