Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Dako Ya Je Yi"

A makon jiya na yi muku alkawarin labarin shigata kwalejin horon malamai. Ku yi mini haƙuri, wannan ba zai gudu ba. Abin da ya sha gabana saƙo ne da ɗaya daga cikin 'ya'yan Baffa ya aiko mini bayan ya karanta inda na kira Baba tsohon soja. Wai in daina ƙara wa miya gishiri, duk gidan an san dako Baba ya je yi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ba yaƙi ba. Na san maganar ba tasa ba ce. Ta ubansa ce, gadonta ya ci, ni kuwa tun ina yawo ba wando nake jin ta.

A zaure Baffa yake faɗinta, gaban baƙi, Baba na zaune yana tufkar igiya. "Ai wannan dako ya je yi." Sai a kwashe da dariya. Baba ba ya ɗaga kai, iyakarsa ya ce, "Yaya, gammo ba ya rage kaya." Daga nan ba ya ƙara ko uffan. Ni ina bayan ƙyaure kamar in haɗiyi zuciya.

To yau bari in gaya wa ɗan Baffa abin da ubansa bai taɓa zama ya tambayi ƙanensa ba.

A yaƙin duniya na biyu Baba yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka haɗa a 1943 da mutanen Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau. A 1944 aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, kafin shekarar ta ƙare sun shiga Arakan, can gaɓar yammacin Bama. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da rafuffuka, ba hanyar mota, wani hawan ko alfadari ba ya iya yin sa. Abinci da harsashi daga sama jirgi yake jefo su da laima. To daga inda kayan suka faɗo zuwa inda ake ɓarin wuta, me zai kai su? Kan mutum. Shi ya sa aka ware dubban sojoji, masu lamba da kaki kamar kowa, aikinsu ɗauka a ka: akwatunan harsashi, da na gurneti, da injin oba-oba, da magunguna. Su ke sare kurmi su share filin da jirgi zai jefo kaya. In an harbi mutum su za su shiga su ɗauko shi, su yi ta tafiya da shi har inda likita yake. Yawancinsu adda ce kawai a hannunsu. Bajapane kuwa in ya yi kwanton ɓauna a bakin rafi ba ya tsayawa tantance mai bindiga da mai akwati, mai akwatin ma ya fi sauƙin samu tunda ba ya iya kwanciya da sauri. Kuma a je a duba alamar da 'yan wannan runduna suke ɗinkawa a kafaɗa: mashi biyu ne a giciye, a kan gammo. Wanda ya zana ta ya san abin da Baffa ya koma ga Allah bai sani ba.

Baba ba mai ba da labari ba ne. Sai in zazzaɓi ya kwantar da shi da damuna, nan ne za ka ji yana jero sunaye: Kalapanzin, Myohaung, Dalet, Tamandu, An. Inna ta ɗauka sunayen iskoki ne, har ta riƙa tofa masa addu'a. Sai da aiki ya kai ni Kaduna na ga Dalet da Kalapanzin a rubuce ƙato-ƙato a ƙofar barikoki. Myohaung, garin da suka ƙwace a Janairun 1945, tana Yaba a Legas, An ma haka, Tamandu tana Apapa, Letmauk tana Ibadan. Har Dodan, barikin da shugabannin ƙasa suka zauna a ciki kafin a koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a Bama. Rafin da Baba ya tsallaka da akwati a ka, ruwa iya wuya, yau yana da allo da sojan da ke gadinsa. Shi Baba ko guntun langa-langa babu a kan kabarinsa.

Ya rasu da damunar 1976, shekarar da aka kashe Janar Murtala, aka kai shi kusurwar gabas ta maƙabarta. Ba wanda ya shirya hakan, amma Allah ya sa mazan jiyan garin kusan duk a wannan kusurwa suka taru, kuma ina jin yanzu ni kaɗai na rage da zan iya nuna wa mutum wane ne a ina.

Daga hannun damansa Baba Samanja ne. Shi kam ko Baffa ba ya iya kiransa ɗan dako. Tun kafin Bama ya yi yaƙin Habasha, yana cikin sojojin Najeriya da suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka bi Italiyawa da kora har Harar. Daga baya aka zuba bataliyarsu cikin runduna ta 82, ta nan suka haɗu da Baba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 aka yi shelar tsofaffin sojoji su dawo, ya sake ɗaukar kaki da furfurarsa ya tafi koya wa kurata riƙon bindiga, don sojan da bai fi 10,000 ba kafin yaƙin sai da ya kai wajen 250,000 kafin a gama. Mutum ne mai tafiya a miƙe har ranar da ya mutu. A zaman makokin Baba wani baƙo ya tambaya ko marigayin soja ne, Baffa ya buɗe baki ya sake faɗin maganar nan tasa, gawa ko kwana ba ta yi a ƙasa ba. Samanja ya ajiye carbinsa ya ce, "Malam, ka iya bakinka. Harsashin da na harba a Myohaung a kan ƙanenka da irinsa ya zo. Da sun yar da kaya sun gudu, da ba ka san ni ba." Wurin ya yi tsit. Allah ya jiƙan Samanja da rahama, wannan bashin ba zan iya biyansa ba.

Wajen ƙafarsa akwai wanda muke kira Mai Gizo, saboda tsohuwar rigar kakinsa mai hoton baƙin gizo-gizo a kafaɗa. Alamar runduna ta 81 ke nan, waɗanda suka riga su Baba shiga, suka yi kwarin Kaladan tun farkon 1944. Ya dawo gaɓoɓinsa cif, amma hankalinsa bai dawo duka ba. In aka yi tsawa sai ya faɗa kwata ya rufe kai da hannu. Yara su bi shi suna ihu, "Ga Japan nan! Ga Japan nan!" Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga hannu a kan ɗan wani ba sai a kan wannan. Da uban yaron ya zo ƙorafi, Baba ya ce masa, "Malam, mu mun sauke namu kayan a Ikko, shi wannan bawan Allah har yau nasa yana kansa." Ba shi da mata ba shi da ɗa. Tsofaffin sojoji ne suka yi masa wanka suka kai shi.

Can gaba, wajen bakin kwari, Kofur tsoho ne, wanda na riska makaho. Shi tun yaƙin Jamus na farko ne. Yana cikin waɗanda suka kewaye Garwa a ƙasar Kamaru har ta faɗi a 1915, ya kuma yi zaman gindin dutsen Mora inda Jamusawa suka ƙi miƙa wuya sai a Fabrairun 1916. Na ce yana can, amma gaskiyar magana ruwa ya cinye wurin tun tuni. Kwarin yana matsowa kowace damuna. Na baya-bayan nan shi ne wani ɗalibina da aka tura Laberiya a 1990 cikin rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga can aka wuce da shi Saliyo, ya dawo da ciwon da bai tashi ba.

Shekarun da na yi ina koyarwa, da aure, da ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, babu abin da zan tsinto a cikinsu game da wannan magana. Sai da na ajiye aiki na dawo gida aka sa ni cikin kwamitin zagaye maƙabarta da katanga. A wani zama na kawo shawara a samu littafi guda a rubuta mazan jiyan da ke kwance a ciki: sunan mutum, da lambarsa ta soja in an samu, da inda ya yi yaƙi, da ɓangaren da aka binne shi. Wani dattijo ya ce, "Malam, mamaci addu'a yake so, ba littafi ba." Na ce, Baba, haka ne, kuma ni ban ce a gina kabarin kowa ba, na san hukuncin wannan. Amma jikan da bai san kakansa ya taɓa zuwa ko'ina ba, bai ma san sunansa ba, wa zai ambata in ya ɗaga hannu? Ana cikin haka sai babban ɗan Baffa, wanda shi ma yana kwamitin, ya ce, "To har da 'yan dako za a rubuta?" Aka yi dariya, irin dariyar zauren nan sak. Maganar littafi ta mutu a nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan rainin ba a gidanmu ya fara ba. Waɗanda suka kwashe su ma haka suka yi musu. Kuɗin sallamar baƙin soja bai kai na farin da suka yi rami ɗaya da shi ba. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto da bakinta, ta ce aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, adadin ma zai iya kaiwa 350,000. Da yawa daga cikinsu masu ɗaukar kaya ne. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya nemi gafara. Turawa sun ba da haƙuri bayan shekara ɗari. Gidan Baffa har yau ba su bayar ba.

Wani lokaci nakan ce waɗanda suka faɗi a can Bama sun fi samun gata, don a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun an sassaƙa sunayen dubbai a jikin dutse, har da na mutanenmu. Wanda ya dawo da ransa, shi ne ya ɓace. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, nakan tuna yadda Samanja yake goge mindojinsa, ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya ce wa Baba, "Taso mu je fareti." Baba ya saka tasa guda, tauraron Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, su tafi su tsaya a rana su dawo. Na taɓa tambayarsa, Baba, me ake ba ku a can? Ya ce, "Ba komai. Gammo ne." Wato kayan yana nan yadda yake, amma kai ya ɗan samu sauƙi.

Wannan mindar da takardarsa ta sallama, mai ɗauke da lambarsa da sunan rundunarsa, suna cikin akwatin ƙarfe mai launin kore da ya dawo da shi a 1946. Ranar rabon gado Baffa ya ce shi ne babba, a wurinsa akwatin zai zauna. Inna tana takaba, ba ta da bakin magana, ni kuma ba a sa ni cikin manya ba tukuna. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba. An ce an ga yaran gidan suna wasa da mindar a ƙofar gida. Gonar da aka danne ban taɓa tayar da maganarta ba, kuma ba zan tayar ba. Amma ku 'ya'yan Baffa, tunda ga shi kuna karantawa, ku shiga ɗakin tsohon ku duba. In akwatin yana nan ku aiko mini da shi, ko da takardar kaɗai ta rage, ko da gara ta ci rabinta. Littafin da kwamiti ya ƙi na fara rubuta shi da hannuna, kuma layin Baba ne kaɗai wurin lamba yake fayau.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin wanda ba ya cikin maƙabartar ko kaɗan: Yaya ɗan Gwaggo, da ya tafi defo Zariya a 1967, aka kai shi runduna ta 2, yana cikin waɗanda aka zuba a jiragen ruwa daga Asaba za su tsallaka kogin Kwara zuwa Anaca a watan Oktoba. Abin da aka yi wa mutanen Asaba a wannan watan ma ba zan tsallake shi ba.