Tandar Goggo da Cimar Bana

A cikin kwanakin nan na ƙarshen Disamba, da sanyin hunturu ya hana ni fita tsakar gida da sassafe, na ɗauko ɗan littafin da nake rubuta kuɗin cefane ina dubawa tun daga watan Janairu. Niyyata ita ce in lissafa abin da shekarar 2024 ta ci mana, amma ban kai Afrilu ba na ajiye lissafin, domin kowane shafi na buɗe sai farashin ya tayar mini da hankali, can kuma sai abincin da aka dafa da kayan ya faɗo mini a rai har yawuna ya tsinke. Saboda haka na ga gara in rubuta abin da aka ci, in bar abin da aka kashe a cikin littafin.

Mu mutanen Bauchi, duk inda muka je aka ji daga inda muka fito, zancen farko da za a yi mana shi ne na masa. Kanawa su ce waina, mu mu ce masa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi mana gardama da gaske a kan cewa hannunmu ya fi faɗawa a kanta ba. Abin kunyar shi ne, ni da aka haifa a cikin ganuwa, na shekara goma sha ɗaya a ɗakin aure ban taɓa toya masar da zan iya ajiye wa baƙo ba. Aikawa nake yi a sayo a bakin hanya, in dafa miya a gida, in jera a faranti kamar ni na yi. Da tsadar shinkafa da ta man gyaɗa ta sa masar saye ta ƙanƙance har yaro yana iya haɗa biyu a loma guda, sai na ga asirina yana shirin tonuwa a gaban dangin miji.

A watan Janairu na tafi unguwar Jahun, a nan cikin Bauchi, wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda take kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini. Na yi mata bayani, ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta shiga ɗaki ta jawo wata tanda ta ƙasa daga ƙarƙashin gado, baƙa wuluk, gurabenta bakwai sun yi santsi saboda shan mai na shekaru. Ta ce, "Uwata, wannan ta girmi aurenki, kuma idan kika sa mata sabulu ban yafe ba." Na kwana biyu a gidanta ina kallon hannunta. Daga mudu guda na shinkafar tuwo sai ta ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu ta dafa shi luguf, sauran ta jiƙa shi, sannan ta haɗa ɗanyen da dafaffen a kai niƙa. Ta ce dafaffiyar ita ce ke ba masa laushi a ciki, kuma wadda ta yi rowar ta za ta toya abin da ya fi kama da dutse. Yis ɗan kaɗan take sakawa, wani lokaci ma ragowar ƙullun jiya kawai take zubawa, ta rufe, ta ajiye kusa da murhu. Da sanyi ƙullun yakan kwana kafin ya tashi, da zafi kuwa sa'o'i kaɗan sun ishe shi, kuma ita ba ta duba agogo, hancinta take kaiwa bakin robar. Da safe sai ta ɗiga ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ta sa gishiri da suga da yankakkiyar albasa, ta buga shi da ludayi har sai ya riƙa yin 'yar kumfa a sama. Tuyar kuwa ba a yin ta a kan harshen wuta. Garwashi take bazawa a ƙarƙashin tandar, ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta zuba ƙullu, ta jira har gefen ya bushe ya yi huda-huda, sannan ta sa bakin cokali ta juya shi da motsi guda. Masar takan fito da ɓawo ja mai ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol kamar auduga, tana tururi.

Tawa ta farko da na koma gida ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan. Hannuna ya zarce wajen kanwa, ƙullun ya yi rawaya, masar ta fito da wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe, rabinta kuma ya manne a tandar saboda na ƙosa na juya tun ba ta kama jikinta ba. Yara sun barbaɗa suga sun cinye, domin su ba su san ta-ido ba kuma ba su san ɓaci ba. Maigida ya ci guda biyu, ya ce Allah ya yi albarka, sannan ya tambaya ko akwai sauran ruwan shayi, kuma na fahimci abin da yake nufi.

Goggon ce dai ta matsa mini a watan Fabrairu in sayi tumatir in shanya. A lokacin kayan lambu na rani sun cika kasuwar Muda Lawal, kwanduna jere har bakin titi, wasu suna ruɓewa kafin a saya. Na sayi kwando biyu ina gunaguni, na yini ina yanka har yatsuna suka yi jiƙo, na baza a kan tabarma, iskar hunturu ta busar da shi cikin 'yan kwanaki ya koma kauɗa. A raina ina cewa wannan aikin tsofaffi ne, tunda ga firiza a ɗaki. Na ƙulle shi a buhu na jefa a saman kabad na manta da shi.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, a tsakiyar zafin da ya sa ƙanƙara ta zama abin rububi da la'asar. Ba zan ce an yi wani girki na a-zo-a-gani ba, domin da kyar mutum yake iya kallon tuwo bayan ya sha ruwa. Abin da ya zauna mini a rai shi ne kunun tsamiya na gero mai gaya, wanda ya ji citta da kanumfari da masoro, da ƙosai mai zafi da aka kwashe ana kiran sallah. Na gwada kayan buɗe-baki iri-iri da ake yayi, na ƙwai da na fulawa, amma daga goman tsakiya kowa a gidan ya koma neman kununsa.

Bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, tumatir ya fara ja da baya kamar yadda ya saba idan noman rani ya ƙare na damina bai zo ba, sai dai na bana ya wuce misali, domin tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta shiga gonaki ta yi ɓarna. A watan Mayu da Yuni sai ka ga an jera maka 'yan ƙwayoyi huɗu a faranti an kira kuɗin da a da zai cika maka roba. A nan ne na tuna da buhun saman kabad. Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, rago ya fi ƙarfinmu, maigida ya shiga haɗakar sa da mutum shida. Na jiƙa kauɗata a ruwan zafi, na wanke ƙurar hunturu, na niƙa da tattasai da albasa, na haɗa miyar taushe da ƙashin sa da kabewa da gyaɗa da daddawa, na kammala da alayyafo da 'yar yakuwa. Kauɗa tana ba miya wani duhu da ɗan zaƙi mai kama da na hayaƙi wanda ɗanyen tumatir ba ya bayarwa, kuma da masa ta tsotse wannan miyar sai na daina jin cewa maneji nake yi. Ran nan masata ta tashi yadda ya kamata. Maƙwabtan da suka yi mini dariya ina shanya a Fabrairu su ne suka riƙa aiko yara da 'yan kwanoni, ana cewa a gaishe ni, wai ko da saura.

Idan aka ce in zaɓi kwano guda a cikin duk abin da na ci a bana, to gwaten acca ne da surukata ta dafa mana a Dass cikin watan Agusta. Mun je gaishe ta ana tsakiyar marka, duwatsun Mbula sun yi kore shar, hazo ya rufe kawunansu. Na tarar da ita a bakin rijiya da ƙwarya biyu tana rege acca, kuma duk wanda ya san ƙanƙantar ƙwayar acca ya san cewa raba ta da yashi ba aikin mai gaggawa ba ne. Tana juya ƙwaryar a hankali, accar tana gangarawa da ruwa zuwa ɗaya ƙwaryar, yashin yana kwantawa a gindi, ta zubar, ta sake, har sau bakwai ko takwas. Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce, "Bar shi, 'yar nan, ke dai tsinke mini yakuwar can." Ta tafasa ƙashi da daddawa, ta zuba dakakkiyar gyaɗa da gauta, sannan ta barbaɗa accar tana juyawa, ganye ya shiga daga ƙarshe. Tsamin yakuwa da ɗacin gauta da maiƙon gyaɗa suka haɗu a cikin abu mai ruwa-ruwa da ake sha da ludayi, ruwan sama yana dukan kwanon rufi, ni kuwa na sha har na nemi ƙari ba tare da kunyar surukuta ba. Muna yara a cikin gari ana yi wa gwate kallon abincin ƙauye, abincin da ake dafawa idan hatsi ya yi ƙasa a rumbu. Yau kuwa da ake yawan ba masu ciwon suga shawarar cin acca, ta zama abin nema a kasuwa, kuma waɗanda suka raina ta su ne suke cigiyar inda za su sami wadda aka rege da kyau.

A Satumba mun je biki Gombe, washegari aka zarce da mu Dadin Kowa, inda madatsar ruwa ta tare kogin Gongola. Na ci farfesun tarwaɗa da aka kamo da safiyar ranar, na kuma sayo bandar kifi da ta yi mana miyar kuka har tsawon wata guda. Abincin bikin kansa, shinkafa da kaza a cikin roba, ban riƙe komai game da shi ba.

Sai kuma ƙarshen Oktoba, lokacin da manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace, muka shafe fiye da mako guda a cikin duhu. A watan ne litar fetur ta haura naira 1,000, don haka janareta ya zama kayan ado, masu injin niƙa ma suka ƙara kuɗi. A rana ta uku na buɗe firizar nan da nake taƙama da ita na tarar ƙanƙarar ta narke, ragowar nama da kaji biyu da nake ɓoyo suna iyo a cikin jan ruwa. Na leƙa gidan maƙwabciyata in yi mata kuka, na tarar ita ma tana tsaye a kan tata. Kafin magariba gida huɗu sun fito da abin da suke da shi, aka haɗa kurfoti uku a tsakar gidanmu, aka sayo gawayi. Aka soya wanda za a soya, aka daka wani aka yi dambun nama don ya daɗe, kajin da kifin wata maƙwabciya kuma aka yi farfesu, tunda ba za su kai gobe ba. Ni kuwa ina da ƙullu da ya tashi tun rana, na ɗora tandar Goggo a gefe ina tuya da hasken tocila da 'yata ta riƙe mini. Maza suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, almajirai suka ji ƙamshi suka taru, yara suna ta kai da kawo da faranti. Abin da kowace a cikinmu take tattali tana cirar yanka biyu-biyu don ya kai ta ƙarshen shekara, a dare ɗaya aka cinye mafi yawansa, kuma ban ji wadda ta yi ƙorafi ba sai bayan kwana biyu, da aka koma miyar kuka da daddawa.

Makon jiya Goggo ta zo duba ni, na ƙudura a raina cewa sai ta ci masar hannuna. Na jiƙa shinkafa tun daren Alhamis, na tashi kafin asuba na duba ƙullun da hanci kamar yadda ta koya mini, na auna kanwa da bakin cokali ina addu'a. Na jera mata guda shida a faifai da miyar taushe a gefe, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ta ɗauki ɗaya ta raba ta biyu, ta kai ta kusa da ido ta duba cikin, ta matsa da yatsa ta ga ta dawo, sannan ta tsoma a miya ta ci ba ta ce komai ba. Sai da ta ci huɗu ta wanke hannu, ta ce, "Uwata, ƙullunki ya yi, amma kina cika wa tanda wuta, shi ya sa gindin yake duhu." Da za ta tafi na ɗauko tandar na goge ta da tsumma zan mayar mata, ta dube ni ta ce in ajiye, ita yanzu gwiwarta ba ta barin ta zaman tuya, amma ran Juma'a in aiko mata da guda goma, kuma in rage albasa.