Gasar Hadda Ta Cinye Mana Shekara, Iya Kuwa Tana Can Tana Tishi

Har yau in na ji an ce za a shirya gasar haddar ayoyin Littafi Mai Tsarki tsakanin matan zumunta na ikilisiya, raina yakan ɓaci. Na san masu shiryawa da kyakkyawar niyya suke yi, amma ni na ga abin da gasa ta yi mana a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

A farkon 2023 muka yanke shawara a zumuntar mata cewa za mu haddace wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa gaba ɗayanta. Ni ce malamar zumunta a lokacin. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne lissafinta ya yi daidai da shekara: sura 4 ce, ayoyi 104, wato aya biyu kowane mako har mako 52. Babu macen da za ta ce aya biyu a mako sun yi mata nauyi, ko da goyo ko da noma. Sura ta fari ta tafi lafiya lau. Kafin ruwan farko ya sauka mun kammala ayoyinta 30, mun taɓa sura ta biyu.

Sai takarda ta zo daga sama. Wai za a yi gasa a babban taron mata na shekara, an haɗo da dogon jerin ayoyi, ɗaya daga Ishaya, ɗaya daga Romawa, ɗaya daga Karin Magana, haka dai daga nan da can. Kowace ikilisiya ta aiko da mata uku. Kyaututtuka kuwa turamen atamfa da kuloli. Na ce wa Mama Fasto, "Mama, in muka shiga wannan, Filibiyawa za ta tsaya fa." Ta ce, "Malama, a yi haƙuri, kada a ce mu kaɗai ne ba mu kawo kowa ba. In an gama sai mu koma." Yawancin mata sun goyi bayanta, aka shiga.

Ba mu koma ba. Daga ranar da aka zaɓi mata uku, sauran suka zama 'yan kallo. Duk ranar zumunta sai a zaunar da ukun nan a gaba ana jefa musu tambaya, sura kaza aya kaza, su kuma suna zubowa da sauri don kada lokaci ya ƙure. Macen da ta bar aikin gona ta tako da ƙafa ta zo, ta zauna awa guda ba ta buɗe baki ba, me zai dawo da ita mako mai zuwa? Ga damina ta kankama, ga shuka ga noman fari. Benci ya fara zama fanko. Kuma wa aka zaɓa? Masu boko, masu saurin baki. Waɗanda ba su iya karatu ba, su ne fiye da rabin zumuntarmu, aka nuna musu a fakaice cewa wannan aiki ba nasu ba ne.

Mun zo na biyu. An yi guɗa, an kawo atamfa. Daga nan rigima ta tashi a kan ko kyautar ta masu gasa ce ko ta zumunta, tunda kuɗin mota da na abinci daga asusu aka fitar. Mata biyu da suka yi shekaru suna zama benci ɗaya suka daina gaisawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda muka tsaya a Filibiyawa: bakin 2:3, ayar da ke cewa kada mu yi kome don sonkai ko girman kai, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi. Ita ce ayar da ya kamata mu yi ta maimaitawa a makon da aka zauna zaɓen waɗanda suka fi.

Da kaka ta yi, aiki ya ɗan lafa, na ce to bari mu ga abin da ya rage. Na ce a karanto sura ta fari da ka. Aka fara da ƙarfi, Bulus da Timoti bayin Almasihu Yesu, aka kai wajen aya ta shida, murya ta fara raguwa, kafin ta goma an yi tsit. Ni kaina, sai tsintar ayoyi nake yi ɗai-ɗai. Na juya wajen ukun da suka je gasa, na tambaye su daga jerin nasu. Yahaya 3:16 da Zabura 23 suna nan, waɗannan tun makarantar Lahadi suke da su. Sauran sun tafi, kamar an zuba ruwa a rariya.

Ana cikin wannan shirun sai Iya ta gyara zama. Iya dattijuwa ce, bazawara tun da daɗewa, ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ba wanda ya ambace ta lokacin zaɓe. Ta ɗauka daga aya ta fari, a hankali, da irin muryar da take yi wa jikokinta tatsuniya. Ta gama sura ta ɗaya. Muka ɗauka shi ke nan. Ta shiga ta biyu, ta wuce inda muka tsaya, ta bi ta kan yadda Almasihu ya ƙasƙantar da kansa har mutuwar gicciye, ta ambaci Abafaroditas, abokin aikin Bulus, da rashin lafiyarsa, ta faɗa ta uku, ta tsaya dab da ƙarshenta. Ina riƙe da Littafi ina bi da yatsa, hannuna yana rawa. Ta ce, "A nan nake wannan mako, Malama. Ku ina kuka kai?" Tsakani da Allah take tambaya. Ita a saninta ba a taɓa cewa an daina ba.

Washegari na je gidanta. Na ce, "Iya, don Allah yaya kike yi?" Ta yi mamakin tambayar. Jikarta 'yar firamare ce ke karanta mata ayoyi biyu ran Lahadi da yamma, ta yi ta bin ta har su zauna. Wannan kowa ya sani. Abin da mu ba mu yi shi ne na biyun: kowace safiya, kafin ta taɓa sababbin, sai ta ɗauko daga 1:1 ta biyo har inda ta tsaya. Ta ce, "'Yata, ku ba kwa tishi. Ƙari kawai kuke so." Wanta almajiri ne, ya yi karatun allo har ya zama gardi, ta tashi tana jin yadda yake kwana yana tilawa, ba a ba shi izinin wanke allo sai abin ya zauna, kuma bayan an wanke ba ya barin na baya ya yi sanyi. Muna zaune da maƙwabta da dangi da suka san wannan hanya tun kaka da kakanni, su da suke riƙe izu 60 a ka, mu kuwa muka tsaya jiran takarda daga sama ta koya mana hadda da agogo da atamfa.

Ba ta keɓe lokaci na musamman ba. Sura ta ɗaya tana surfe, ta biyu a hanyar rijiya, ta uku tana tsintar wake ko ɓarar gyaɗa. Na dawo gida na buɗe Maimaitawar Shari'a 6:6 da 7, inda aka ce maganar nan ta zauna a zuciya, a yi ta zancenta a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Na sha koyar da wurin nan. A tsakar gidan Iya na fara ganinsa da ido.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da su Likita Miller na Wusasa suka sha wahala a kai, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Amma matan zamanin Iya da yawa da kunne suka karɓi Maganar, daga bakin mai bishara da kuma waƙoƙin sujada, kuma sun riƙe ta. Gasa ba ta da wurin irinsu. Ana tambaya da lambar sura da aya ne, ana ƙirga daƙiƙa.

A Janairun 2024 muka sake ɗaukowa daga farko, wannan karo a kan hanyar Iya. Ga wanda yake so ya gwada, abin da zan fi nanatawa shi ne tishin nan. Kullum daga farko, kuma da murya, ba a zuci ba. Karatun zuci yana ruɗin mutum, ya ɗauka ya iya, sai ya buɗe baki ya ji babu. In surori suka yi yawa a raba su a kan ayyukan yini yadda take yi. Wasiƙar duka ba ta kai minti ashirin a baki ba. Mun haɗa mata biyu-biyu, mai karatu da marar karatu, maƙwabtan juna, don su riƙa sauraron juna a tsakiyar mako. Abin mamaki, sau da yawa marar karatun ce ke gyara wa mai karatu, don ita ba ta da takardar da za ta leƙa.

Kayan aiki suna da amfani, ban raina su ba. Wani ɗanmu ya sauko mana da karatun Sabon Alkawari na Hausa daga manhajar Bible.is, ni kuma ina da manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion a waya. Amma a duba da kyau kafin a raba, fassarar da ke cikin sauti ta zama ita ce ke hannun mutane, in ba haka ba baki zai rabu biyu a tsakiyar aya. Mu da muka ga haka sai muka sa wata mai murya mai kyau ta karanta daga Littafin da muke amfani da shi a sujada, aka ɗauka a waya, aka zuba a memori, masu ƙaramar rediyo suka saka. Ya wadatar.

A zumunta kuma ba mai fitowa gaba ita kaɗai. Duka muke biyawa tare, sannan mu tsaya a kan ayoyi biyu na makon mu tambayi kanmu me suke nema a wurinmu. A nan ne na gane abin da jerin ayoyin gasa ba zai taɓa ba mutum ba. Dukanmu mun san 4:13, cewa za mu iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa mu. Ana rubuta ta a bayan mota, ana faɗa wa yara ranar jarrabawa. Sai da muka biyo ta ayoyi 11 da 12 muka ji abin da Bulus yake nufi: ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa, a samu da rashi. Mutum ne a ɗaure yake rubuta wa ikilisiyar da ta aiko masa da gudummawa, a garin da aka taɓa yi masa bulala aka jefa shi kurkuku tare da Sila, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta faɗa. Mun iso wurin nan a ƙarshen shekarar da tsadar abinci ta gasa kowa tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ga fargabar 'yan bindiga da ta hana wasu zuwa gonakinsu na nesa. Wata mai 'ya'ya da yawa ta ce, "Ashe ayar nan ta masu kwana da yunwa ce." Ta yi kuka, mu ma muka yi. Tun daga ranar aka fara kawo kwanon hatsi ana ajiyewa a bayan ƙofa, wadda ba ta da shi ta ɗauka ba tare da an kira suna ba.

Matan nan biyu masu gaba kuwa, ba wanda ya yi musu wa'azi. Mako ya zo na 4:2, inda Bulus ya roƙi wasu mata biyu, Afodiya da Sintiki, su daidaita cikin Ubangiji. Kwana bakwai kowace tana faɗin wannan da bakinta safe da yamma, kuma ta san za ta ci gaba da faɗinsa kullum a tishi. Ba a kai Kirsimeti ba na gan su sun dawo daga kasuwa tare. Ɗaya daga cikin ukun da suka je gasa dai har yanzu ba ta dawo zumunta sosai ba. Tana jin kunyar ranar nan da aka tambaye ta ta kasa, kuma ba laifinta ba ne, an ɗora ta a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ina zuwa gidanta, muna biya sura ta ɗaya tare.

Ba duka suka kai ƙarshe ba, amma waɗanda suka kai sun fi yadda na zata, kuma yawancinsu marasa karatu ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta shekara muka tashi gaba ɗaya a sujada muka biya wasiƙar daga farko har alherin da aka rufe ta da shi, Iya a tsakiyarmu.

Takardar gasa ta sake zuwa. Wannan karo Mama Fasto da kanta ta ce, "Malama, rubuta musu. Za mu zo taro, za mu kawo gudummawarmu, in suna so mu tashi dukanmu mu biya Filibiyawa. Amma ba za mu fitar da mutum uku ba." Na rubuta, na sa hannu. Yanzu muna kan wasiƙar Yakubu, sura 5, ayoyi 108. Huɗun da suka ƙaru mun sa su a makonnin rani, kuma ran zumunta ta farko a kowane wata Filibiyawa muke fara biyawa kafin mu taɓa Yakubu.