Kafin ka ajiye aikin ofis ka koma lambu, ji yadda tawa ta kasance

Tunda aka fara ganina ina kai kaya kasuwar kayan lambu ta Farin Gada a Jos da asuba samari ke ta tare ni, yaya wane kwas zan yi, yaya wace takarda ce ta fi, nima na gaji da aikin nan ina so in koma harkar lambu. Toh ƙannena bari in gaya muku gaskiya, ni da baya na fara shiga wannan harka kuma na ji a jikina.

Aikin lissafi nake yi a wani ofis a nan Jos, albashi ba ya kai ƙarshen wata, kullum ina ganin motoci cike da kabeji da karas da koren wake suna gangarawa Abuja ina cewa ai kuɗin yana nan. Kuma ba ƙarya ba ne, garin nan tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku, sanyin da muke kuka da shi lokacin hunturu shi ne arzikin, shi ya sa strawberry ke yi a Chaha wajen Vom, dankalin turawa ke yi a Bokkos da Mangu. Sai na ga tallar wata tirenin ta kwana uku a otel, wai ka fito da satifiket na noman zamani. Na biya, na zauna a sanyin esi ana nuna mana hotuna a majigi, ko ƙasa ban taɓa da hannuna ba. Ranar ƙarshe aka ba ni takarda mai zanen zinare a gefe, sati biyu bayan nan na rubuta takardar ajiye aiki. Matata ta ce in bari a ga damina ɗaya tukunna, ban ji ba.

Kuɗin sallamata gaba ɗaya na zuba a ɗakin leda na tumatir a gefen wani kududdufin tsohon haƙar kuza. Shukar farko tun a tiren renon iri ta mutu, ruwa nake ɗura mata safe da yamma saboda ɗoki, sai ka ga ɗan tsiron ya ruɓe daga wuya ya kwanta. Na sake. Ta biyun ta tashi har ta fara fure, sai kawai na wayi gari ganye ya yi laushi ya sunkuya alhali yana nan kore shar, ni kuma na ɗauka ƙishirwa ce na ƙara ruwa, na sayi magani kala uku na fesa. Wani dattijo da ke lambu kusa da ni ya leƙo ya ce, yaro kawo kofin gilashi da ruwa mai kyau. Ya yanke kara ɗaya daga gindi ya tsoma bakin a ruwan ya ce kar ka motsa shi. Ba a yi minti biyar ba sai ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka daga karan. Ya ce wannan ciwon a ƙasa yake, feshi ba ya masa, tuge su ka ƙona, kuma kar ka sa tattasai ko yalo ko dankali a nan, duk dangi ɗaya ne. Na ce Baba yanzu duka? Ya ce duka. Wallahi ranar a gefen kududdufin nan na zauna har magariba.

Da na ga kuɗi sun ƙare na ɗauki takardar nan na je neman aiki a wata babbar gona, manajan ya juya ta gaba da baya ya tambaye ni, wa ya amince da wannan? Nan na fara jin cewa difloma in ba hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta tantance kwas ɗin ba, toh ado ce kawai a bango. Ka tambayi wannan kafin ka biya ko sisi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makarantar gaske tana cikin garin nan ina wuce ta. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin FRIN, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, tana koyar da lambu da tsara fili. Akwai kwalejin tarayya ta lambu zalla a Dadin Kowa ta jihar Gombe (ba Dadin Kowan Jos ba fa), akwai kwalejin noma ta jiha a Garkawa. Ƙaramar difloma (ND) shekara 2 ce, ka fita aikin koyo shekara 1, ka dawo babbar difloma (HND) wasu shekara 2, kuma ta JAMB ake shiga da kiredit 5, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko kimiyyar noma, saboda haka in ajin at ka yi a sakandare ba na kimiyya ba sai ka gyara sakamako tukunna. In aiki kake nema, a ma'aikata ko gonar wani ko cibiyar binciken lambu irin NIHORT ta Ibadan da aka kafa a 1975, wannan doguwar hanyar ce taka, ba gajeriya.

Amma in lambun kanka kake so kuma ga iyali a wuyanka, ban ga dalilin da za ka ɗauki shekara 5 ba. Mai sayen kaya a Farin Gada bai taɓa tambayata takarda ba, kwandon yake buɗewa ya sa hannu har ƙasa. Riƙe aikinka, ka nemi mai lambu da ya daɗe ka roƙe shi ka riƙa zuwa Asabar da Lahadi ko kyauta ne, ka ga rani ɗaya da damina ɗaya, domin cutar da ke zuwa da hazon Agusta daban take da tsutsar Tuta da ta cinye tumatir a 2016. Bayan nan in za ka biya kuɗin gajeren kwas ka san abin da za ka tambaya, kuma ka zaɓi wanda ake yi a cikin gona.

Ni yanzu latas da kabeji nake yi a rabin filin, ɗaya rabin na sa masara ƙasar ta huta kamar yadda Baba ya ce. Har yau in na ga ganye ya canja kala wajensa nake fara kaiwa kafin in je shagon magani.