Masaƙun Manchester da asalin ilimin zamantakewa

Tun da na fara koyar da tarihin ilimin zamantakewa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masana'antu suka tilasta wa Turawa tambayar da ta haifi wannan fanni: me zai haɗa kan jama'a idan zumuncin ƙauye ya watse? Tsakanin 1801 da 1851 yawan mutanen Manchester a Ingila ya ninka kusan sau huɗu, domin talakawa sun baro karkara sun cika masaƙun auduga, inda har ƙananan yara ke wuni suna aiki. Friedrich Engels, wani marubuci Bajamushe, ya zauna a garin daga 1842 zuwa 1844, ya kuma rubuta cunkoso da ƙazantar da ya gani a unguwannin ma'aikata.

A Faransa, masanin falsafa Auguste Comte ya nemi a nazarci al'umma da tsarin kimiyya, amma a ganina Emile Durkheim, masanin zamantakewa Bafaranshe, ya fi kusantar gaskiya. A 1893 ya nuna cewa rabon aiki, wato kowa ya ƙware a sana'arsa, na sa waɗanda ba su san juna ba su dogara da juna ko babu dangantakar jini, hujjar da ɗalibaina suka fi yi mini gardama a kanta.