Daga HND zuwa digiri na biyu: a tambaya kafin a biya kuɗin fom

Ƙannena masu HND, jami'o'in Najeriya ba kasafai suke ɗaukar mai babbar difloma kai tsaye zuwa digiri na biyu ba. Sai an bi ta PGD, difloma ta gaba da digiri, wadda ke cin zango biyu, kusan shekara guda, ga mai karatun cikakken lokaci. Kuskurena na farko shi ne ɗaukar PGD a matsayin cika sharaɗi kawai. Makin da ka fita da shi ne zai buɗe maka ƙofa ko ya rufe ta. Jami'o'i da dama suna neman 3.0 ko 3.5 cikin 5 kafin su ba ka gurbin mastas, wato digiri na biyu, kuma wanda ya gama da ƙasa da haka shekararsa da kuɗinsa sun tafi a banza. Shi ma sakamakon HND ana dubawa: ƙaramin kiredit yana farawa daga 2.50 cikin 4, babba daga 3.00, kuma wasu sassan babba kaɗai suke karɓa.

Inda na fi so ku tsaya ku yi tunani shi ne irin mastas ɗin. Akwai na bincike, kamar MSc, mai kundin bincike a ƙarshe, akwai kuma na ma'aikata, kamar MBA na gudanar da kasuwanci da MPA na gudanar da aikin gwamnati. Na biyun yana da amfani wajen ƙarin girma a ofis, amma a jami'o'i da yawa ba ya kai mutum ga digirin digirgir. Ni ban san da wannan bambanci ba sai bayan na biya kuɗi. Idan burinka koyarwa a jami'a, je sashen da kanka ka tambayi mai kula da karatun gaba da digiri: wannan PGD ɗin naku, wane mastas yake kaiwa, kuma da wane maki? Fanni ma ya dace. PGD a harkar gudanarwa ba zai shigar da kai MSc na injiniya ba, PGDE kuwa, wato PGD na aikin koyarwa, hanyarsa ta fannin ilimi ce. Ka kuma tabbatar za su karɓi PGD na wata jami'ar, don ba kowa ke karɓa ba.

Sai takardu. Kiredit biyar na sakandare har da Turanci, Lissafi kuma ga mafi yawan fannoni. Takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa. Tiranskirif kuwa, wato takardar cikakken sakamakon darussanka, makarantarka ce za ta aika kai tsaye, ba kai za ka riƙo a hannu ba, kuma yakan ɗauki watanni. Ka nema tun kafin a buɗe sayar da fom, ka adana rasit, ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda.

Mai NCE kuma, wato takardar shaidar malanta, wannan ba hanyarsa ba ce. Shi zai nemi shiga aji biyu na jami'a ta JAMB, ya kammala digiri na farko tukuna.