Yadda muka tsara wa ɗanmu wayarsa ta farko a Makka

Tun 2020, da korona ta rufe makarantu a Saudiyya aka mayar da karatu kan manhajar Madrasati, waya ta shiga sahun kayan makaranta. A nan Shara Mansur inda muke zaune, yaro kan fara da aron wayar uwarsa, kafin a ankara ya fi ta riƙe ta. Da ɗanmu ya cika shekara 11, ga boko da safe ga haddar Alƙur'ani a masallaci bayan la'asar, sai muka saya masa tasa, ƙaramar Android mai sauƙin kuɗi. Layin da iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, aka yi masa rajista, ni na dangwala yatsa, don haka duk abin da ya faru a kansa ni za a nema.

Kafin ta shiga hannunsa na sa Family Link a wayata, manhajar da Google ta fitar a 2017 don iyaye. Ta cikinta na buɗe masa asusu da ainihin ranar haihuwarsa. Wannan wurin ne iyaye da yawa ke sakaci. Sukan bar mai shagon waya ya buɗe wa yaro asusu, shi kuwa don ya gama da wuri sai ya rubuta shekarun babba. Daga nan Google ta ɗauki yaron a matsayin baligi, duk ƙofofi a buɗe. Wanda bai kai 13 ba, ta hannun uba ko uwa ake buɗe masa. Masu iPhone suna da Screen Time tun 2018, kusan aikinsu ɗaya, sai dai a sa masa lambar sirri daban da ta buɗe wayar.

Daga Lahadi zuwa Alhamis, ranakun makaranta, na ba shi awa ɗaya da rabi. Juma'a da Asabar awa 3. Manhajar Alƙur'ani na cire ta daga lissafi. Duk abin da zai sauke sai saƙo ya zo mini na amince. Snapchat da TikTok, waɗanda yaran ƙasar nan ke kwana a ciki, ƙa'idarsu da kansu shekara 13 ce, saboda haka ban sha wahalar bayani ba. YouTube ne ya ɗan ba mu aiki: na taƙaita manhajar, shi kuma ya gano ana shiga ta Chrome. Sai na mayar da Chrome ɗin kan shafukan da na amince da su kawai.

A ganina yawan awoyi bai kai lokacin kullewa muhimmanci ba. Awa biyu da rana ba ta hana yaro komai, amma rabin awa a kan gado ƙarfe sha biyun dare ita ke sa a yi ta fama da shi da asuba, ya je aji yana gyangyaɗi. Tasa tana kulle kanta ƙarfe tara da rabi, ba ta buɗewa sai gari ya waye, amma idan na kira zai iya ɗauka. Sai dai agogon Makka ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da azumi gari juyewa yake yi, a fito tarawihi kasuwa ta ci har sahur, makarantu ma su jinkirta shiga. Kulle waya tara da rabi a wannan watan neman rigima ne kawai, sai na matsar zuwa sha ɗaya da rabi, na rage na rana. A hutun zafi kuma, lokacin da rana ke wuce digiri 40, babu yaron da zai fita ƙwallo kafin magariba, dole na ƙara masa awa guda.

Family Link wayar da ke da asusun yaro kawai take tsarewa, gidanmu kuwa wayoyi sun yi yawa. Da tasa ta kulle sai ya zarce ɗakin kakarsa da sunan zai gyara mata WhatsApp. Na same ta na ce, "Hajiya, don Allah in dare ya yi a daina ba shi." Ta ce, "To ai shi ke karanta mini saƙonnin 'yan Kano, kai kana da lokacina ne?" Gaskiyarta. Muka daidaita a kan ya yi mata karatun bayan isha'i a falo, ba a ɗaki ba. Lokacin aikin Hajji da Umara ma haka, baƙi daga Sakkwato da Zinder sukan miƙa masa wayoyinsu ya nema musu izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, tunda Larabcinsa ya fi nasu. Wannan ban hana ba, hidimar baƙin Allah ce, ina dai zama kusa.

Sannan manhajar tana nuna mini minti nawa ya yi a WhatsApp, ba ta nuna abin da aka turo masa. Zauren 'yan ajinsu kuwa ba ya barci. Wannan ɓangaren mahaifiyarsa ta ɗauka. Duk Juma'a bayan an ci abinci sukan zauna su duba tare, da saninsa, kuma tun ranar farko aka gaya masa haka za a riƙa yi. Ta fitar da shi daga zaure biyu da babu malami ko babba a ciki, ta kuma gyara saitin yadda sai wanda lambarsa ke wayar ne zai iya saka shi a sabo.